Wanda Ya Binne Barewa

Ungulaye ne suka fara ganin gawar Padam Singh, sai kuma ƙanensa Lokendra, wanda ya bi inda suke shawagi. Yana kwance rub da ciki a bayan wani tudun rairayi a tsakiyar gandun dajin hamada, ƙeyarsa a fashe, malafarsa ta masu yawon buɗe ido tana can gefe. Da asuba ya baro masauki a Jaisalmer tare da matarsa da ƙanensa a cikin jif ta haya, wai za su wuni suna kallon tuje da barewa, su koma da yamma. Rana ba ta gama karkatawa ba aka lulluɓe shi da shimfiɗar da suka ci abinci a kai.

Sufeto Jagmal Bishnoi aka turo daga ƙaramin caji ofis ɗin da ke bakin gandun. Ya ɗaga shimfiɗar, ya duba, ya mayar. Bai ji komai ba. Tun da matarsa Sugna ta rasu a daminar bara komai ya zama ɗaya a wurinsa. Abinci ba ɗanɗano, gawa ba ta ba shi tsoro, faɗan oga ba ya ɓata masa rai. Abokan aiki har yabonsa suke yi, wai mutum ne mai sanyin zuciya. Su dai ba su sani ba ne, babu komai a wurin da zai yi sanyi ko zafi.

Amma idonsa na aiki. Bugu ɗaya aka yi masa, da wani ƙarfe mai faɗi da kaifi a baki. Agogon zinare na hannun mamacin, zobe na yatsansa, wayarsa na aljihu, ke nan ba fashi ba ne. Kusa da ƙafarsa akwai wata doguwar jaka ta fata, babu komai a ciki. Jagmal ya buɗe ta ya shinshina. Sawu kuwa ba a magana: abin da iska ba ta share ba, 'yan uwa da masu zuwa kallo sun tattake.

Kofur Bhera, wanda bakinsa ba ya hutawa ko da taba a cikinsa, ya ce ai wannan aiki ya ƙare tun kafin a fara. An riga an kama wani mai raƙumi.

Haka oga ma ya faɗa a waya. Padam Singh ba ƙaramin mutum ba ne, shi ke da rabin wuraren fasa dutse na wajen Jodhpur, kuma manya sun fara kira. Suna ake so kafin faɗuwar rana, ga suna kuwa a hannu: Mithan Khan mai raƙumi, wanda ya yi wa mamacin barazana a gaban mutane. A kawo shi kawai. Jagmal ya san irin wannan shari'a. Idan talaka irin Mithan ya shiga bayan mota da sunan kashe attajiri, to raƙuminsa sai dai a sayar, 'ya'yansa kuma su girma suna kai masa ziyara. Ya ce wa oga to, amma zai fara jin ta bakin kowa.

Mutanen suna can wata bukka ta bakin rijiya, inda motoci ke yada zango da tsakar rana, wata tsohuwa na sayar da shayi. Matar mamacin, Kiran Kanwar, tana zaune a kan gadon igiya. Lokendra yana kai da kawowa. Mithan Khan na tsugune a rana, hannu a ɗaure, wani kurtu na gadinsa. A jikin jif kuma direban na jingine, dattijo mai farin gashin baki, kansa ɗaure da tawul. Pokarram ne, mijin yayar Jagmal.

Jagmal ya fara da matar. Ba ta kuka, kuma ba ta yi ƙoƙarin ƙirƙiro shi ba, abin da ya sa ya ji ta ɗan kwanta masa. Ta ce sun zagaya tun safe, sun ga tuje biyu daga nesa, sun ga barewa ba adadi, mijinta yana ta ƙorafi wai an taso shi da asuba don ya kalli kaji masu dogon wuya. Da suka iso nan aka kawo masa raƙumi ya hau. Raƙumin ya tashi da shi ba shiri, ya kusa faɗowa, ita da Lokendra suka yi dariya. Yana sauka ya zabga wa mai raƙumin mari. Bayan abinci kanta ya ɗauki ciwo, ta kwanta. Abin da ta gani na ƙarshe shi ne mijinta ya rataya doguwar jakarsa ya nufi bayan tudu shi kaɗai.

“Mene ne a jakar?”

“Ƙafafun kyamara, in ji shi.”

“Ke kin yarda?”

“Na daɗe da daina tambayarsa abin da ke cikin jakarsa, Sufeto.”

Tsohuwa mai shayi ta tabbatar matar ba ta motsa daga gadon ba, har fifita ta yi mata. Shi kuwa ƙanen, ta ce, yana can ƙololuwar tudun gaban bukka, inda kawai ake samun sabis, yana ta surutu da waya kamar mai kiran awaki. Ba ta daina ganinsa ba sai da ya sauko yana tambayar ina yayansa.

Ke nan Lokendra bai samu sararin kisa ba. Amma Jagmal bai ƙyale shi ba. Ya ajiye jakar a gabansa ya ce ya shinshina.

“Ban ji komai ba.”

“Ni na ji man bindiga. Ina take?”

“Wace bindiga? Yayana mutum ne mai mutunci, ya zo hutawa da iyalinsa.”

“Idan ban same ta ba, zan rubuta cewa wanda ya fara isa wurin gawa shi ya ɗauke ta. Daga nan mai shari'a zai tambaya, me ya sa.”

Lokendra ya share gumi. Ya ce ƙaramar bindiga ce ta harbin nama, ya same ta yashe kusa da gawar. Harbi a cikin gandu laifi ne na ɗauri, kuma gobe jaridu za su manta an kashe mutum su kama maganar barewa. Shi ya sa ya tura ta cikin rairayi a gindin wani dutse. Bhera ya je ya tono ta. An harba harsashi ɗaya.

Mithan Khan ƙaramin mutum ne, baƙi, ya bushe kamar kilishi. Sawun yatsu huɗu na nan a kumatunsa. Jagmal ya sa aka matsar da shi inuwa aka ba shi ruwa.

“Me ka ce masa da ya mare ka?”

“Na ce Allah na gani, Hukum.” Hukum shi ne ranka ya daɗe na mutanen wurin.

“Ƙanensa ya ce cewa ka yi zai gani.”

“Talaka ya ce Allah na gani, mai kuɗi ya ji za ka gani. Haka kunnensu yake.”

Ya amsa cewa ya ja raƙuminsa ya bi wajen da mutumin ya bi, don can ne ake samun ganye. Yana kan hanya ya ji ƙara, tas, kamar an karya busasshen kara. Ya san ƙarar. Ko leƙawa bai yi ba, ya juya kan raƙumi ya yi nesa. Ya ce duk ranar da aka harbe barewa a gandun nan, makiyaya irinsa masu cin nama ake fara tarawa, to me zai tsaya nema? Bai roƙi a sake shi ba. Abin da ya roƙa shi ne a aika wa matarsa ta zo ta ja raƙumin, kada ya kwana a ɗaure.

Saura direba. Pokarram ne ya auri Dhapu, yayar da ta goyi Jagmal bayan rasuwar uwarsu, kuma tun Jagmal na yawo ba wando suke wasan ƙanin mata da mijin yaya. Yau ma bai fasa ba, sai dai muryar ba ƙarfi.

“Ɗan sandan da ba ya kama ko kaza. Dubi yadda ka rame. Jijinka, yayar taka, kullum sai ta toya gurasa da kai, kullum sai dai ni in cinye.”

“Aiki ne, Jija. Ina ka je bayan abinci?” Jija suke ce wa mijin yaya a wurin.

Ya ce lagireto ne ya tafasa. Ruwan rijiyar nan gishiri ne, yana cinye ƙarfe, shi ya sa ya lallaɓa da motar zuwa gida, tunda rugarsu na nan bakin gandu, ya ɗebo ruwan sama na tanki. A hanya kuma motar ta kafe a rairayi, sai da ya sha haƙa. Da ya dawo ya tarar da kururuwa. Tsohuwa ta ga tafiyarsa, ta ga dawowarsa da jarkoki cike. Jagmal ya rubuta. Ya ce masa ya tafi gida, motar 'yan sanda za ta mayar da iyalan gari.

Aka ɗauke gawa. Aka saka Mithan a bayan ɗaya motar aka kulle, ana jiran Sufeto ya ce a tafi. Sufeto bai ce ba. Harsashi ɗaya aka harba, kuma mutum irin Padam Singh ba ya ɗauko bindiga daga Jodhpur don ya harbi iska. Idan ya sami abin da ya harba, ina yake? Jagmal ya kira Bhera suka koma bayan tudun.

Ba su sha wuya ba. Ɗan nesa da inda gawar ta kwanta akwai wani wuri da aka baza rairayi da ƙafa. Jagmal ya share saman. Jini ne, da ɗan gashi ja-ja. Babu alamar an ja abu, ɗauka aka yi. Ya miƙe ya juya a hankali yana duban wurin. A wani ɗan kwari, gindin wata bishiyar kejri, ya hangi tarin ƙaya.

Ya daɗe a tsaye a kan tarin kafin ya taɓa. Busasshiyar ƙaya ce zalla, fara ƙal. A kewaye da wurin kuwa ga kurmin ƙaya ɗanya shar, ko'ina hannu ya kai. Busasshen itace mafi kusa yana can ƙetaren kwarin, tafiya ce mai ɗan nisa a cikin rairayi da rana tsaka. Wani ya yi ta zuwa yana dawowa da ƙaya a rungume, alhali ga wadda zai sara a gabansa.

Suka janye ƙayar suka tona da hannu. Ramin mai zurfi ne, gefensa a miƙe, aikin shebur. A ƙasa barewa ce, naɗe cikin farin ƙyalle mai tsawo, an lanƙwashe mata ƙafafu, an kwantar da ita a gefenta kamar mai barci. Harsashin ya shiga ta bayan kafaɗa.

Bhera ya tofar da taba ya yi dariya. “Hukum, wannan ai aikin mutanenku ne. Wa zai bar nama irin wannan ya…” Sai ya haɗiye sauran.

Gaskiya ya faɗa. Bishnoi, al'ummar su Jagmal, ba sa cin nama, ba sa sa gatari a ɗanyen itace, barewa kuma a wurinsu 'yar gida ce, in ta mutu binne ta suke yi. Jagmal da kansa ya taɓa riƙe wa ubansa fitila ana irin wannan haƙa. Ya gaya wa kansa cewa Bishnoi suna da yawa a yankin, wani makiyayi ma zai iya wucewa. Ya gaya wa kansa cewa kowane Bishnoi farin rawani yake naɗawa, kuma zafi kan sa mutum ya ɗaura tawul kamar yadda Pokarram ya yi yau. Yana cikin gaya wa kansa waɗannan abubuwa hannunsa ya kai ga cikin barewar. Hantsarta a cike take tam. Ya matsa, nono ya fito.

Suka zagaya kwarin, suka duba gindin kowane kurmi. Ɗan barewa mai shan nono ba ya nisa da uwarsa, lafewa yake yi a ƙasa har ta dawo. Sun sami inda ya lafe, ɗan gurbi kamar na kaza. Shi kansa babu shi, babu jini, babu sawun dila.

Suka koma bakin ramin. Bhera ya matso ya rage murya. Ya ce rana ta kusa faɗuwa, oga na jira, rami kuma kamar yadda aka tona shi haka ake mayar da shi. Shi dai bai ga komai ba idan Hukum ya ce bai gani ba.

Jagmal ya dubi ramin. Ya nemi tsoro a ransa bai samu ba, ya nemi fushi, babu. Ya tuna Dhapu tana hura masa kunu yana yaro, abin ya zo masa kamar labarin wani. Ya tuna mutumin da ke kulle a bayan mota yana tunanin raƙumi. Shi ma bai motsa shi ba. Ya lura dai cewa ɗaya daga cikin abubuwan biyu gaskiya ne, ɗayan kuma ƙarya, kuma wannan kaɗai ya rage masa da yake iya bambancewa. Ya ce wa Bhera ya tsaya gadin ramin, kada a taɓa, kada kuma motar ta motsa sai ya kira. Ya karɓi babur ɗin wani ma'aikacin gandu ya kama hanya.

Rugar ba ta canza ba. Bukkoki uku masu jinka, garke na ƙaya, ɗawisu a kan rufin rumbu, bareyi na cin geron da ake watsa musu a bakin danga ba ruwansu da mutum. Dhapu na zaune a ƙofar kicin, jan mayafinta a kafaɗa, ɗan barewa a cinyarta. Kwalba ce mai bakin roba take ta fama da shi ya kama, nonon akuya na zuba a zaninta.

Da ta gan shi fuskarta ta washe. Ta ce yau wace rana, ashe yana da sauran hanya. Ta ce ya zo ya ga baƙon da Jijansa ya tsinto da rana, wai karnuka suka kashe uwar. Bai fi 'yan kwanaki ba a duniya, duba kunne, duba ido. Da a ce tana da ƙuruciya da nononta za ta ba shi, kamar yadda ta yi wa wani ɗan barewa a shekarun baya. Ta ce ya zauna, gurasa na kan wuta. Ta ga alama ba ta san komai ba, kuma Jagmal ya yarda ba ta sani ba.

Pokarram na bayan garke wajen jif. Ya naɗa sabon rawani. Ya ga Jagmal, ya ga babur, bai yi tsokana ba. Motar ta yi buɗu-buɗu tun daga taya har rufi, amma shebur ɗin da ke ɗaure a bayanta an wanke shi tas.

“Na tona ramin, Jija.”

Pokarram ya gyaɗa kai. “Ka mayar da ƙayar? Diloli za su shiga.”

“Akwai mai gadi.”

Jagmal ya jera masa abin kamar mai karanta rahoto, don ba shi da wata muryar. Matar ba ta tashi daga gado ba. Ƙanen yana kan tudu a idon tsohuwa. Mithan ba shi da shebur, sanda gare shi, kuma raunin ba na sanda ba ne. Ko da shi ne, da ya gudu, ko ya yi gaba da naman. Wanda ya kashe mutum gudu yake yi. Wannan kuwa ya tsaya a gefen gawa, rana tsaka, inda kowa zai iya ɓullowa, ya haƙa rami mai zurfi, ya kwance rawaninsa ya yi likkafani. Da ya zo rufewa, ga ɗanyar ƙaya a gabansa ga shebur a hannunsa, ya ƙi sara, ya tafi neman busasshiya. Wannan ya nuna irin gidan da ya fito. Saura wane ne. Barewar tana shayarwa, ɗan ba ya wurin, kuma a duk waɗanda ke bakin rijiya mutum ɗaya ne yake da mota, mutum ɗaya ne ya je gida ya dawo.

“Da ka bar ɗan a can,” in ji Jagmal, “da ina da rami da ƙyalle kawai. Kowa na da farin rawani.”

“In bar shi ya mutu?” Pokarram ya dube shi da mamaki na gaske, kamar ya yi saɓo.

Ya zauna a kan matakin motar ya faɗi nasa. Lagireto da gaske ya tafasa, motar da gaske ta kafe, a hanyar da ta bi ta bayan tudun. Yana haƙa ya ji harbi. Ya hau tudu da shebur a hannu. Barewar na shure-shure, mutumin na tsaye a kanta yana haki, ya ji daɗi. Pokarram ya ce ya haɗa hannu biyu ya roƙe shi, shi da ya haife shi a shekaru. Ya ce masa ta riga ta mutu, a bar masa ita ya binne, ba zai gaya wa kowa ba. Ya ce masa tana da ɗa, ga shi can a lafe.

“Sai ya yi dariya. Ya ce madalla, ai ƙaramin ya fi taushi. Ya juya mini baya ya ɗaga bindiga.” Pokarram ya dubi tafin hannunsa. “Sau ɗaya ne. Ni da ban taɓa kashe ko kunama ba.”

“Ka rufe barewa da rawaninka, ka bar mutum a rana ungulu na jira.”

“Shi yana da 'yan uwan da za su ƙona gawarsa bisa al'ada. Ita fa?”

Jagmal ya sauya magana. Ya tambaye shi maganar Mithan, wanda aka ɗaure a gabansa yana kallo. Nan ne dattijon ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ɗauka za a tambaye shi a sake shi, tunda ba shi da laifi. Jagmal ya ce masa ya san ba haka ake yi ba. Pokarram ya ce ya sani. Ya ce niyyarsa gobe da safe ya zo da kansa, so yake kawai ya ga ɗan ya kama kwalba. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma goben za ta yi ta zama gobe. Jagmal bai sani ba, kuma ya ga alama Pokarram ma bai sani ba.

Ya ciro waya ya kira Bhera. Ya ce a kwance Mithan Khan, a ba shi raƙuminsa ya tafi gida, a turo motar nan rugar. Ya kira oga ya ba shi suna. Oga ya tambaya ko ba surukinsa ba ne wannan. Jagmal ya ce shi ne.

Da ya juyo, Dhapu na tsaye a kusurwar garke da faranti a hannu, gurasar gero da man shanu na narkewa a kai. Bai san tun yaushe take wurin ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta yar da farantin ba. Ta ajiye shi a kan bonet a hankali.

“Jagu,” ta ce, sunan da ita kaɗai ta rage mai kiransa da shi. “Wa ya ga ramin?”

“Ni da kofur.”

“Kofur ɗin ba yaronka ba ne?”

“Yarona ne, Jiji.”

“To?”

“Akwai wani a ɗaure a mota. Yana da mata shi ma.”

Ya so ta zage shi, ko ta tuna masa goyon da ta yi masa, da zai fi sauƙi. Ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta haɗo wa mijinta bargo da kofinsa na tagulla. Pokarram ya ci rabin gurasar a tsaye, yana gaya mata kada ta ba ɗan nono da sanyi, ta riƙa surka shi da ruwa, ta kwantar da shi a ɗaki saboda karnuka. Jagmal bai fito da ankwa ba. Suna nan tsaye su uku har aka ji ƙugin mota daga nesa.

Pokarram ya shiga da kansa, ya zauna a inda Mithan ya tashi. Jagmal ya koma wajen yayarsa don ya yi mata sallama, bai ma san me zai ce ba. Yana isowa ta ɗaga hannu ta kama bakin mayafinta, ta ja shi ƙasa har haɓa. A ƙasar nan mace na rufe fuska ga surukai da baƙi. Ba ta rufe wa ɗan uwanta na ciki ɗaya, ko da tana amarya, ko da tana takaba. Abin ya soki Jagmal a ƙirji, ciwo na gaske, har sai da ya dafa danga.

“Hukum,” ta ce daga bayan mayafin, “mu Bishnoi ne, mijina ba ya shan ruwan da ba a tace ba. A taimaka a gaya wa mutanenku.”